Jan Takalmin Brígida

Shaidu uku mai gabatar da ƙara, Licenciado Barahona, ya lulluɓe da baƙar rigar nan ta kotu, biyu suna makabarta. Duk unguwa an sani, amma kullum mai gabatar da ƙarar yana rediyo yana cika baki, wai ya share garin daga 'yan daba. Ya share kam! Shaidu ya share.

Herminia mai wainar masara ce ta huɗu. A gaban kaskonta wani ɗan daba mai suna Chele ya harbe direban bas, kuma ita kaɗai ta yarda ta faɗa.

"Kwantar da hankalinki, Doña Herminia," in ji Barahona yana duba agogo. "Riga har ƙasa, fuska a rufe, murya a jirkice. Ko uwarki ba za ta gane ki ba."

Har ƙasa ina! A idon sawu rigar take tsayawa, shekara huɗu ana gaya masa ya ƙi sa a ɗinka wata. Shaida na biyu ta takalman aikinsa aka gane shi. Tsoro ya hana Herminia cin abinci, sai ta nufi gidan Brígida, comadrenta, wato aminiyarta da ta riƙe mata ɗiya ranar baftisma.

"Comadre, ara min takalmi, asibiti za ni."

"Asibiti ko wajen saurayi? Ɗauki jan nan, tsohuwa mai ƙwalisa!"

A kotu Chele ko kallon fuskarta bai yi ba. Ƙasa ya zuba wa ido, ya daɗe, sannan ya yi murmushi. Herminia ta faɗi duk abin da ta gani. Da alƙali ya nemi rahoton likita, Barahona ya hau birkita takardu, ashe ko nemansa bai yi ba. Kafin rana ta take an saki Chele.

Sai a cikin bas, takalman suna jakarta, ta tuna. Da takalman nan Brígida take hawa mumbarin coci duk Lahadi ta yi karatu, kuma uwar Chele a layin gaba take zama.

Ranar Asabar Brígida ta leƙo.

"Comadre, takalmina. Gobe ni ce da karatu."

"Sun ɓata," in ji Herminia.

"Bar wasa mana! Ɗazu ma uwar Chele ta tare ni a kasuwa, wai ko na ba wani aron jan takalmina."

Herminia ta dafa bango. "Me kika ce mata?"

"Me zan ce? In tona miki asiri a ce comadrena ba ta da na fita?" Brígida ta yi dariya. "Rantsuwa na yi mata, na ce tun da na saye su babu ƙafar da ta taɓa shiga sai tawa."