Darasi Na Uku

Tun da Auta ta shiga shekara goma sha biyu ta daina hira da uwarta, daga "to" sai "ba komai". Shirun nan ne ya sa uwar, wadda tela ce, ta shiga ajin iyaye da ake yi ta waya. Da yake ba ta iya latse-latse ba, Auta ce ke kunna mata, ta zauna gefe tana jin komai.

Wata yamma a shago, uwar na fama da ciwon baya, ta tsayar da keken ɗinki ta tausasa murya yadda malamar ajin ta koyar.

"'Yata, ina sauraronki. Yaya kike ji a ranki?"

"Umma, darasi na uku ke nan. Kin tsallake na biyu, kallon ido."

Uwar ta kifa kai a kan keken, dariya da hawaye suka haɗe mata. "Na gaji, Auta. Kina gabana, amma wallahi kewarki nake yi."

Yarinyar ta jawo kujera.

"Ƙawata ce ta daina kula ni," ta ce a hankali.

Uwar ba ta tuna darasi ko ɗaya ba. Ta dai ture ɗinkin gefe.