Dodannin Inna Hansai

"Rage masa baki, Murja. In kika faɗaɗa shi, ƙwan zai tsiyaye."

Inna Hansai ce ke ba ni umarni daga kujerarta ta kusa da hitar ɗumama ɗaki, bututun iska a hancinta, bargo a cinyarta. Ni kuwa ina tsaye a kicin ɗinta da 'yar wuƙa, ina fafe tattasai mai ruwan lemo, ina yanka masa idanu da haƙora. 'Ya'yana biyu, Basma mai shekara tara da ƙanenta Affan mai shida, sun manne da tebur suna tsinke alayyafo.

Safiyar Asabar ce, ƙarshen watan Oktoba. Ran Litinin za a zo a ɗauke ta zuwa gidan jinyar waɗanda likita ya gama nasa. Ni na sani, ita ma ta sani. Yaran ne ba mu gaya wa ba.

Ƙofarta na kallon tamu a hawa na uku, a gidajen hayar ƙaramar hukuma da ke bayan titin Rye Lane, a Landan. Daga Zariya ta biyo mijinta da ya zo karatu tun ba a haife ni ba. Ya rasu, ita ta zauna, ta yi shekara ashirin da shida tana girki a wata firamare a nan Peckham. Lokacin da muka tare, ita ta nuna mini shagon da ake samun daddawa, ita kuma ta gasa mini jiki da na haifi Affan.

Maganar dodannin nan shekara huɗu ke nan da ta faro. Basma ta dawo daga makaranta tana kuka, wai ƙawayenta za su sa kayan ban tsoro su bi gida-gida karɓar alewa ranar Halloween. Na ce ba za ta je ba. Inna Hansai ta jiyo mu daga barandar, ta leƙo.

"Uwarki ta yi gaskiya, ba za ki je roƙon alewa ba," ta ce. "Amma gobe da safe ki zo, akwai baƙi a gidana."

Baƙin su ne tattasai huɗu masu wangalallen baki, kowanne da gasasshen ƙwai a cikinsa, ganye ya barbaje a kansa kamar sumar mahaukaci. Raina bai so ba. Na ja ta gefe na ce, "Inna, wannan fa ba al'adarmu ba ce."

"To da me kakarki take tsorata ki in kin ƙi cin tuwo? Ba da Dodo ba? Yau su za su cinye shi." Ta yi dariya har da tari. "Na ga yara suna zuwa makaranta ba komai a cikinsu sai alewa da lemon kwalba. In dodo ne zai sa su ci ganye, to a kawo dodo."

Basma da ba ta taɓa yarda alayyafo ya shiga bakinta ba, ranar har tana neman ƙari. Tun daga nan ya zama duk shekara.

Bana ne kawai hannunta ya kasa riƙe wuƙa.

"Toshe idanun daga ciki da ganye," ta ce da ni. "Yawwa. Sa tumatir da albasa a ƙasa, gishiri kaɗan. Kada ki kuskura ki zuba mai. Basma, fasa ƙwan a hankali, kar gwaiduwar ta fashe."

Affan aka ba aikin gizo-gizo. Na raba masa baƙin zaitun biyu, rabi ya zama jiki, rabi muka yayyanka ƙafafu, ya jera a kan ƙwan yana ƙirgawa. Na saka tire a oven. Ƙamshi ya fara cika ɗakin, ƙarar bas-bas na tasowa daga titi.

Can sai Affan ya matsa kusa da kujerarta. Yana jin Hausa sarai, amma da Turanci yake magana. Ya tambaye ta, wai in ta mutu za ta zama fatalwa?

"Affan!" na daka masa tsawa.

"Ƙyale shi." Ta kama 'yan yatsunsa. "Wa ya ce maka zan mutu?"

Ya ce ya ji ni ina kuka a waya.

Ta daɗe tana kallonsa. "Gaskiya ne, na kusa tafiya. Amma fatalwa sai a tatsuniya, Malam Affan. Ni wurin Allah za ni. Ba zan zo in tsorata kowa ba. In ka tuna ni, ka ce Allah ya jiƙan Inna. Faɗi in ji."

"Allah ya jikan Inna," ya ce, da Hausarsa ta 'yan Landan.

"To, ka biya ni tun yanzu. Murja, minti ashirin ya cika, kar dodannina su ƙone."

Na fito da tiren. Basma ta ɗebi ƙwai a cokali ta hura, ta kai bakin Inna. Cokali biyu ta iya ci. Ta ce gishiri ya yi yawa, kuma haƙoran da na yanka duk sun karkace.

Ba ta kai Litinin ɗin ba. Ranar Lahadi da hantsi na shiga da kunu, na tarar da ita a kujerar, carbi a hannu, kanta ya ɗan langaɓe. Na kira ta sau uku. Sai na ajiye kofin, na shafe mata idanu.

Ɗanta guda ɗaya, Shamsudeen, injiniya ne a Aberdeen, can arewacin ƙasar. Ya iso da yamma. Aka yi mata salla a masallacin Old Kent Road ranar Talata, maza suka wuce da ita maƙabarta.

Bayan sadakar uku ya fara kwashe kayan gidan, ni da yara muna taya shi. Yana naɗe kofuna a jarida sai ya tsaya.

"Hajiya Murja, mene ne wannan dodon ƙwai da yaranki ke ta faɗa?"

Na ba shi labari. Ya jujjuya kofin a hannu.

"Ni ba ta taɓa yi mini ba," ya ce. "Kullum kafin in farka ta fita ciyar da 'ya'yan wasu. Burodi take bar mini a kan tebur." Ya yi guntun murmushi. "Na daɗe ina riƙe da abin nan a raina."

Basma ce ta buɗe firij. Tattasai ɗaya ya rage, ya fara yaushi, da ƙwai biyu.

"Kawu, zauna," ta ce da Hausa. "Na iya."

Ya cire kwat ɗinsa ya rataye a ƙofa, ya naɗe hannun riga. Ta miƙa masa wuƙar, ta nuna masa inda zai huda. Da suka gama, na kunna musu oven na koma ɗaure kwalaye.

Da na waiwayo, su uku sun durƙusa a gaban gilashin oven ɗin, ƙaton mutum mai furfura a tsakiya, yaro a kowane gefe. Ruwa ya fara sauka a kan taga. Suna jiran farin ƙwan ya kama.