Da Sauƙi

Sau ɗaya tak Sallau mahauci ya taɓa faɗin sunan 'yarsa ta fari, ran da ya yi mata huɗuba a kunne, ita kuwa lokacin ba ta da wayon da za ta riƙe. Lailatu sunanta. Ana yaye ta aka kai ta Bakura wajen ƙanwarsa Ikilima, can ta girma, ta yi karatun jinya, har aiki ya ɗauke ta zuwa Amurka. In zancenta ya kama shi dole, sai ya ce "waccan ta wajen Ikilima". In ta bugo waya, ya miƙa wa na kusa da shi ya ce a gaishe ta. Kunyar ɗan fari ce, kuma ba wanda zai ga laifinsa a Talatar Mafara, sai dai tasa ta fi ta kowa tsanani. Son ta kam yana yi. Ɗan Asabe, abokinsa da suke raba rumfa a layin mahauta, ya daɗe da lura cewa duk ran da ta bugo, gyaran da Sallau ke yi wa masu sayen nama yakan wuce hankali.

Hawan jini kuwa gadon gidansu ne. Shi ya shanye wa wansa Abdulmumini ɓarin jiki a Dakko, ya kwanta damina guda ana juya shi ana ba shi kunu a baki. Duk wanda ya shiga dubiya ya ce ya jiki, sai ya amsa da rabin baki, "Da sauƙi." Haka ya yi ta faɗi har ranar da aka fito da shi a makara. Sallau ba ya tsoron mutuwa fiye da kowane Musulmi, amma kwanciyar nan yana tsoronta ƙwarai, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba.

Da Lailatu ta zo hutun babbar Salla, sai ta zo masa da sabuwar waya. A zaure ta zauna tana yi wa Ikilima bayani da ƙarfi, shi kuma ya ba su rabin baya yana wasa wuƙa, wai ba ya ji. A asibitin da take aiki, in ji ta, an yi wata manhaja domin baƙaƙen fatar Amurka, waɗanda hawan jini ya sa a gaba kamar yadda ya sa mahautan Mafara. Yanzu an mayar da ita Hausa, kuma ita ce ta ba su aron muryarta. Safe da azahar wayar za ta tambayi Baba jikinsa da maganinsa. In amsa ta yi kyau, fuskar wayar ta yi kore. In ba ta yi ba, ko wayar ta kasa ganewa, sai ta yi ja, ta aika wa Lailatu abin da ya faɗa, ita kuma ta kira nan take. Akwai kuma na'urar awon jini da ake ɗaurawa a damtse.

Na'urar ba ta zagaye damtsen Sallau ba. Mutumin da ya tashi yana kayar da bajimai ba irin damtsensa aka auna ba. Amma kyauta ce, kuma ba a kushe kyauta, balle ta 'yar fari, don haka ya mayar da ita cikin ledarta ya ɗora a kan kwaba. Tambayar kawai ta rage.

Washegarin komawarta, yana tsakar sarar ƙashi, aljihunsa ya ce, "Baba, ina kwana? Yaya jiki?"

Sallau ya miƙe zumbur, ya ciro wayar yana neman wanda zai miƙa wa.

"Amsa mana," in ji Ɗan Asabe. "Ƙarhe na, ba ɗiyar ba ta."

"Ƙarhe da muryatta?"

Ya goge hannu a jikin riga, ya kawar da kai gefe, ya ce wa wayar, "Lahiya lau. Ina gajiya? Ina aiki? Mutanen can duk lahiya?" Wayar ba ta amsa ko ɗaya ba, rashin tarbiyyar da ya ɗora wa Turawa. Ta sake cewa, "Yaya jiki?"

"Da sauƙi."

"Ka sha magani?"

"Alhamdu lillahi."

"Madalla, Baba. Ci gaba da haka." Fuskar wayar ta yi kore shar.

Waɗanda suka ƙera abin nan, Allah Ya saka musu da alheri, sun yi shi ne domin mutanen da in ka tambaye su lafiyarsu sai su gaya maka. Wanda ya mayar musu da shi Hausa kuma ya duba ƙamus, ya ga sauƙi na nufin ciwo ya ragu, ya ga godiya ga Allah ba ta kama da a'a, ya zuba su duka a gidan kore. Da ya taɓa zuwa dubiya ko sau ɗaya da bai yi haka ba. Lailatu ta san abin da "da sauƙi" ke nufi sarai, amma kalmar ba ta isa kunnenta. Launi kawai take gani, kuma launin yana kwantar mata da hankali.

Sallau ya ci gaba da haka, kamar yadda aka ce masa. Cikin "haka" akwai balangun da yake ɗanɗanawa don jin gishiri, har ya ɗanɗane rabin cinya. Akwai ƙwayar maganin da ta ƙare bai je kemis ya sayo wata ba, don me mutum zai sayi magani alhali ana yi masa madalla safe da rana?

Abin da bai zata ba shi ne zai saba da muryar. Ya koma kafin lokaci ya yi sai ya zagaya bayan rumfa ya zauna a kan turmi yana jira. In wayar ta gama madallarta ta yi shiru, sai ya ɗan tsaya ya ba ta labari: an yi ruwa mai yawa a Ruwan Gizo, wani sa ya tsinke igiya ya shiga shagon mai aski, gwaggonta ta fara furfura amma ta ce ba ta yi ba. Wayar ba ta ji, ya san ba ta ji, shi ya sa ma ya iya. Tun da aka haifi yarinyar nan bai taɓa hira da ita ba sai yanzu, kuma abin yana yi masa daɗi har cikin ransa.

Sai ƙeya ta fara sara masa. In ya sunkuya ɗaukar kiret, ƙasa ta ɗan juya. Wata Talata Ikilima ta shigo cin kasuwa daga Bakura, ta tsaya gaban teburinsa ta ƙare masa kallo.

"Yaya, idonka ya yi ja."

"Hayaƙin tukuba na."

"To Allah Shi sawwaƙe. Lailatu ta ce kore kake kamar shinkahwar Bakalori. Ta ce tunda hakanan na, ganin likitan Gusau da ta shirya maka a bari sai bayan kaka."

"Madalla," in ji Sallau. Ashe da ganin likitan nan yake ta dogara bai sani ba.

Ya san maganin abin, kalma biyu ce. Ranar a bayan rumfa har ya gwada su a hankali: babu sauƙi. Suka yi masa nauyi a baki. Mutum yana tsaye da ƙafafunsa, ya ci ya sha, ya ce babu sauƙi, ai butulci ne ga Ubangiji. Sannan wayar za ta yi ja, yarinyar ta kira, dole ya buɗe baki ya gaya wa 'yarsa ta fari cewa ubanta tsoro yake ji. Da azahar ta yi wayar ta tambaya, ya ce da sauƙi.

Bayan kwana kaɗan suka tafi karar shanu ta Maradun shi da Ɗan Asabe sayen sa. Sun tsaya kan wani farin bajimi, Ɗan Asabe ya ja dillali gefe suna ta rantse-rantse, Sallau ya kai hannun hagu yana latsa tozo. Hannun ya zame ya sauka. Ya dube shi, ya ce masa tashi, hannun ya ƙi. Ya ja ƙafa ya zauna gindin wata bishiyar bedi, ya jingina, miyau yana bin gefen bakinsa. A daidai nan aljihunsa ya yi magana.

"Baba, ina wuni? Yaya jiki?"

Ya ciro wayar da dama. "Da shau..." Harshen ya cika masa baki, ya ƙi juyawa.

"Ban ji ba, Baba. Sake faɗi."

Ya sake, abin ya fi na farko lalacewa. Ya tuna Abdulmumini, ya tuna tabarmar nan da cokalin kunu, tsoro ya rufe shi gaba ɗaya. Ya lalubi abin da ya saura a bakinsa, bai sami komai ba sai guda ɗaya, wanda ya daɗe a ajiye ba a taɓa shi ba. Ya fito da nauyi, amma ya fito duka.

"Lailatu."

Babu wannan a ƙamus. Wayar ta yi ja.

Ba a jima ba ta ɗau ƙara. Ya danna da babban yatsa. "Baba? Yaya jiki?" Ya ɗauka manhajar ce ta dawo, sai ya ji wannan tana haki.

"Da sauƙi," ya ce, iya yadda bakin ya bari.

Ita ba ƙamus ta duba ba. "Wa ke kusa da kai?" ta faɗa da ƙarfin da ya sa Ɗan Asabe ya bar dillali ya rugo ya karɓi wayar. "Baba Ɗan Asabe, dubi bakinai, ya karkace? Ce mai shi ɗaga hannu biyu. Ɗaya ya tashi? Ku nemi mota yanzu. Kada ku ba shi ruwa, kada ku biya gida, asibiti za ku."

"Bajimin hwa? Mun kusa shiryawa."

"Ku bar bajimin!"

Aka bar bajimin. Likitan da ya karɓe su ya ce da sun tsaya gama cinikin, da zancen ya zama wani daban. Ƙafar ta dawo, bakin ya miƙe saura kaɗan, aka nemo na'urar awo mai faɗi da ta zagaye damtsen.

Ran da aka ce ya iya magana sosai, Ikilima tana zaune gefen gadon tana dama masa kunu, wayar ta yi ƙara. Ta duba ta ce Lailatu ce. Sallau ya waiga neman wanda za a miƙa wa, Ikilima ta ɗora masa wayar a ƙirji ta ɗauki buta ta fita.

Suka gaisa, ina wuni, ina gajiya, ina aiki, mutanen can duk lafiya. Wannan karon an amsa masa kowace.

"Baba," ta ce, "na ji abin da ka ce ma wayar ranan."

"Bakina na ya karkace. Sauƙi nike son cewa."

"To," in ji ta. Ya ji tana jan hanci. "Yaya jiki?"

Amsar ta zo bakinsa da kanta, a shirye, kuma yanzu harshen zai iya. Ya dubi hannunsa na hagu kwance a kan zanen gado inda Ikilima ta ajiye shi tun safe. Ya kawar da kai ga bango.

"Hannun bai tashi ba har yanzu," ya ce. "Kuma tsoro nike ji."