Farantin Malama a Kan Motar Direba

Ranar da Direba ya ajiye tuƙin manyan motoci, Malama ta ɗauka ta samu miji a gida ke nan. Ashe da sauran rina a kaba. Ko wata bai rufa ba ya jawo wata tsohuwar bas mai tudun rufi, ya girke ta a ƙofar gida, ya kwance kujerunta ya jibge a zaure. Daga nan kullum sai ƙarar zarto da guduma. Ya shimfiɗa katako a ƙasa, ya kafa gado a baya, ya rataya kabad, ya samo ɗan firji da murhun gas. A bisa ya ɗora faifan sola biyu, a ƙarƙashin gado ya ɓoye wani ƙaton batir da sai mutum biyu ke ɗaga shi.

"Gida ne mai taya," in ji shi, ranar da ya kira ta ta gani. "Duk wuraren da nake ba ki labari, yanzu da idonki za ki gan su."

Malama ta shafa katifar, ta buɗe kabad ta rufe. Ita tela ce tun tana budurwa, amma da bayanta ya fara ƙorafin zama kan keke sai ta koma koyarwa. Kowace safiya takan kafa kwamfuta a kan teburin yanka, mata daga garuruwa daban-daban su bayyana a cikin ƙananan akwatuna, ta nuna musu yadda ake awo da fitar da hannun riga. Su suka sa mata Malama, sunan ya bi ta har bakin mijinta.

"Motar ta yi kyau," ta ce. "Ɗalibaina fa? A kabad zan zuba su?"

"Ki ba su hutu."

"Kai ne ka yi ritaya. Ni yanzu na fara."

Direba ya sosa ƙeya. Ta san susar nan sarai, susar mai ƙulla wani abu ce. Bayan 'yan makonni kuwa sai ga shi da kwali a hammata yana murmushi kamar wanda aka yi wa bushara. Ya ce farantin intanet ne, kai tsaye yake magana da tauraron ɗan'adam, ko a tsakiyar daji aka kafa shi zai kawo mata ɗalibanta. Da ya zaro shi, Malama ta juya shi gaba da baya. Fari ne, shafaffe, mai kusurwa huɗu.

"Wannan ɗan abin? Ai tiren da nake jera kofuna ya fi shi girma."

Aikin ɗorawa kuwa sai da aka kira Auta, ƙanin Malama, mai walda da haɗa wayoyin wuta. Furfura ta cinye masa gemu, yana da jikoki, amma har yanzu Auta yake. Tsakaninsa da mijin yayarsa ba a gaisuwa sai da tsiya.

"Ina tsohon yake?" ya ce tun daga bakin titi, injin huda a hannunsa.

Direba na ganin injin ya sha gaban motar ya baza hannuwa.

"Ko huda ɗaya ba za a yi wa rufin nan ba. Da hannuna na bi shi da gam, ɗigon ruwa ba ya shiga."

"To da yawu zan manna maka shi?"

Direba ya shiga ciki ya fito da wasu maganaɗisu guda huɗu, masu kauri kamar sabulu. Ya ce ya gani a bidiyo, haka masu irin motar ke yi. Suka jingina tsani suka hau, Malama na ƙasa tana kare rana da hannu. Direba ya aza maganaɗisu ɗaya a kan rufin, ya sake shi da ƙasaita. Abin ya sulale a hankali, ya bi gangaren rufin, ya faɗo tim a gaban takalminta.

Auta ya ƙwanƙwasa rufin da yatsa, ya kasa kunne, sannan ya fashe da dariya har tsanin na rawa.

"Yaya, zo ki ji! Rufin mijinki ba ƙarfe ba ne, faiba ce, 'yar'uwar roba!"

"Na sani," in ji Direba. "Gwada ka nake yi."

Suka koma musu, wannan ya ce a huda, wancan ya ce sai dai a huda shi. Malama ta zaga motar tana kallon sama, ta ga ƙarafan ɗora kaya, wato kariya, waɗanda solar ke zaune a kansu, akwai ɗan fili a baya kusa da ƙofa.

"Waɗancan ƙarafan fa? Su ma faiba ne?"

Mazan suka dubi ƙarafan, suka dubi juna. Kowa ya ce dama abin da yake shirin faɗa ke nan.

Auta ya so ya tafi da farantin shagonsa ya auna masa mazauni, Direba ya ce ba mai kai masa sabon abu cikin tartsatsin walda. Sai Malama ta ɗauko takardar da take fitar da samfurin riga, ta kwantar da farantin a kai, ta zagaye shi da alli, ta yi alamar inda waya ke fita, ta yanke da almakashi. Washegari Auta ya dawo da firam ɗin ƙarfe, farantin ya zauna a ciki ɗas kamar an haife su tare. Ya ɗaure firam ɗin a jikin kariya, ya kama farantin da noti huɗu masu kunne, irin waɗanda ake murɗawa da yatsa ba sai da sifana ba. Doguwar wayar kuma ya bi da ita ta ƙarƙashin robar ƙofar baya, ragowar ya naɗe ya rataya a ƙusa. Ba a huda ko'ina ba, Direba ya yi ta nanata wannan kamar shi ya ci gasar.

Da aka zo kan wuta, Auta ya zauna a bakin gado ya ɗaga katifa.

"Ku ɗauki batirin nan randa ce," ya ce. "Sola ke ɗebo ruwa tana zubawa. Faranti kurɓa yake yi, amma wuni yake yana kurɓa. Firji ma haka. Wannan kuwa," ya nuna butar lantarkin da Direba ke dafa shayi, "kwankwaɗa take yi. In randa ta yi ƙasa ka kunna ta, inbatan da ke raba wutar zai yi ƙara ya ɗauke komai."

"Mun ji, malamin makaranta," in ji Direba, hankalinsa na kan wayarsa da ta riga ta kama intanet ɗin. Nan take suka kira 'yarsu da ke aure a nesa, ta fito tar, har ana ganin miyau a haɓar jaririnta.

Suka tashi ran wata Lahadi. Malama ta shiga gaba da kwandon zare a cinya, tana ta waiwayen gida har suka sha kwana. Da gari ya ƙare, hanya ta miƙe tsakanin gonaki, sai ta lura mijinta ya zama wani mutum daban. Kafaɗunsa sun sauka, yana tuƙi da hannu ɗaya, yana nuna mata gadar da ya taɓa kwana a ƙarƙashinta da tudun da birki ya taɓa ba shi tsoro. Da la'asar suka gangara bakin wani tafki mai faɗi, ya shige da motar ƙarƙashin wata ƙatuwar bishiya mai duhun inuwa, ya kashe. Malama ta sauko, ta tsaya tana kallon ruwan da tsuntsayen da ke shawagi a kansa. Shi kuma ya fito mata da kujera.

Da safe ta shimfiɗa yadi a kan tebur, ta kunna kwamfuta. Ɗalibai suka fara bayyana. Ta ɗaga almakashi ke nan za ta fara bayani sai hoton ya tsaya. Ya dawo, ya sake tsayawa.

"Malama, kin daskare baki buɗe!" in ji wata ɗaliba mai surutu da ake kira Maman Biyu. Sauran suka kwashe da dariya, dariyar ma tana zuwa gutsi-gutsi.

Malama ta leƙa ta taga.

"Direba, farantinka na in'ina."

Ya kira Auta, muryar na yankewa. Abin da suka iya tsinta kawai shi ne "sarari" da "bishiya" da kuma wata kalma mai kama da "tsoho". Direba ya ɗaga kai ya ga rassa sun rufe sama ruf. Ya hau tsani yana nishi, ya murɗe notin nan masu kunne, ya sauko da farantin, ya warware ragowar wayar, ya kai shi fili ya jingina a kan ƙafarsa cikin ciyawa. Kafin ya dawo hoto ya daidaita.

Darasi ya kankama. Malama na nuna yadda ake lanƙwasa hammatar riga, Direba na zaune a bakin ƙofa yana jin kansa gwani. Sai ya ga ya dace ya haɗa mata shayi, ladan haƙuri. Ya cika buta, ya danna.

Wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashin gado, tsit, firji ya yi shiru, ɗalibai suka ɓace gaba ɗaya.

Malama ta juyo a hankali, almakashi a hannu. Ga shi tsaye, yatsansa bai ma bar kan butar ba.

"Ba ni ba ne," ya ce.

Ta so ta yi faɗa. Ta buɗe baki, ta ga yadda ya tsuke fuska kamar ɗan da aka kama da hannu a tukunya, sai dariya ta ƙwace mata. Ta zauna a bakin gado tana yi har da hawaye.

"Tun jiya solar na inuwa," ta ce da ta samu numfashi. "Wa ya ɗebo ruwan da za ka kwankwaɗa?"

Suka fitar da tebur da kujeru suka bar su a gindin bishiya. Direba ya tayar da mota ya matsar da ita cikin rana, kusa da inda inuwar ta ƙare, ya bar injin na aiki don batir ya farfaɗo. Shayin kuwa a murhun gas ya dafa shi. Kafin su shanye, 'yar fitilar inbata ta koma kore.

Da ɗalibai suka dawo sai suka ga Malama a waje, ruwa na ƙyalli a bayanta.

"Malama, hoto kika sa a baya ko gaske ne?"

"Gaske ne. Kuma ga wanda ya kashe muku darasi, yau shi ne gunkin awo."

Ta tsayar da Direba a gaban kwamfuta, hannuwa a baje. Ta zagaya tef a ƙirjinsa, ta sauko ciki, ta faɗi lambar da ƙarfi. Maman Biyu ta ce a sake aunawa, wataƙila tef ɗin ne ya miƙe. Direba ya tsotse cikinsa, Malama ta ɗan mintsine shi ya saki cikin. Ta yafa masa yadi ta bi shi da allurai, yana tsaye ƙiƙam yana roƙon a yi a hankali.

Ana cikin haka hoton ya sake tsayawa. Suka waiga tare. Wani ɗan akuya daga garken da ke wucewa ya hau farantin ya kwanta, ya lumshe ido, ɗumin ya yi masa daɗi. Direba ya ruga da yadi da allurai a jikinsa yana "kai, kai!", makiyayin na biye da shi yana ba da haƙuri yana dariya. Ɗan akuyan bai tashi ba sai da aka ɗauke shi cak.

Da rana ta yi sanyi Direba ya ce gara a mayar da farantin bisa, tunda yanzu motar na fili. Ya taka matakin farko na tsani, gwiwarsa ta ce ba ta san zancen ba. Ya sauko yana dafe da ita.

"Kawo," in ji Malama.

"Ke? Ki rufa mini asiri, me zan ce wa Auta in kin faɗo?"

Ta riga ta ɗaure zanenta tamau. Ta hau a hankali, yana riƙe da tsanin da hannu biyu yana addu'a a bayyane. Ya miƙa mata farantin, ta zaunar da shi a firam, ta murɗa notin ɗaya bayan ɗaya har suka kama, ta girgiza shi ta ji bai motsa ba. Sannan ta gyara zama a gefen solar, ta miƙe ƙafafu.

Daga can sama tafkin ya ninka girmansa. Ta hango masunta na jan koma a ɗaya gaɓar, da wata siririyar hanya ja da ta bi bayan ruwan ta haura tsakanin duwatsu biyu.

"Sauko mana," in ji Direba.

"Waccan hanyar ina ta nufa?"

Ya yi ɗage, ya kare ido, ya daɗe yana dubawa.

"Wallahi ban sani ba. Babbar mota ba ta bin irinta."

"Wannan fa za ta bi?"

"In an lallaɓa ta."

"To jibi ba ni da darasi," ta ce. "Miƙo mini kofina, ban gama kallo ba."