Dattijon 'Yan Babbaka

Ranar da Badaru zai je nema wa ƙanensa Ridwanu aure, sau uku ya cuɗa jikinsa da soso, amma ƙaurin taya ya ce yana nan daram. Shekara ashirin ke nan yana babbake fatun shanu da tsofaffin tayoyi a bayan mayanka, a yi ganda. Hayaƙin nan kuwa ya zama maƙwabcin kowa a gefensu na Agege, ko farin kaya mata suka shanya sai su kwashe shi ruwan toka.

Uban yarinyar, Salissou, maigadi ne, mutumin Maraɗi. Ya shimfiɗa tabarma, ya karɓi goro, ya yi addu'a Allah ya sa farar hular da suka hau mulki su fi soja alheri. Sai kuma ya riƙa leƙen ƙofa.

"Dattawan naku suna tafe ne?"

Badaru ya ce mahaifinsu ya daɗe da rasuwa. Salissou ya ce to a kawo manyan sana'a, don a garinsu ba a ba da 'ya sai mai furfura ya tako ya roƙa.

Badaru ya shiga lalubo su a ransa. Balarabe da ya koya masa aiki, tari ya ɗauke shi bara. Ja'afaru ya tafi gida jinyar ƙirji, sai labari. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, su kuwa madarar gwangwani suke kwankwaɗa bayan aiki, wai tana wanke huhu. Ya duba sama ya duba ƙasa, ya tarar a shekara arba'in da ɗaya babu wanda ya girme shi a sana'ar. Tsoro ya kama shi ƙwarai.

"Baba, ni ne dattijon," ya ce a hankali.

Salissou ya daɗe yana kallon gemun Badaru, baƙi wuluk. Bai mayar da goron ba, don ba a wulaƙanta baƙo.

"Ban hana ba. Ranar da ɗayanku ya yi furfura, ya zo, Zeinabou taku ce."

A bakin layin dogo Ridwanu ya tare shi, ya ji yadda aka yi. Ya leƙa gemun wansa, ya yi dariya.

"Ai da sauƙi, Yaya. Kai dai ka daure mini shekara biyu."

Badaru ya buɗe baki zai ce in Allah ya yarda, tari ya riga shi.