Zanen da Ba a Buɗe Ba

Shekara ashirin da biyu Anti Zane tana riƙe da ɗakin zane na kamfanin gyaran lif, ba a taɓa neman takarda an rasa ba. Saura shekara guda ta ajiye aiki da mutuncinta, sai ga sabon manaja da sabon salo: kowane sashe ya kwashe bayanansa ya zuba a rumbun kwamfuta guda. Ita ba ta ƙi ba. Wa ke ƙin sauƙi?

Abin haushin, ba wanda ya tambaye ta yadda suke aiki. Zanen wayoyin kowane lif sau ɗaya take buga shi, ta sa a leda, ta rataye a ƙusa. Takardar makanikai ke ɗauka, su dawo da ita da shatin baƙin mai. Fayil ɗin kwamfuta kuwa ba mai sake waiwayarsa.

Shi kuma rumbun an saita shi ya share duk fayil ɗin da ya shekara biyar ba a buɗe ba, wai tarkace ne. A satin manaja ya sa aka yayyaga takardun, tunda komai na rumbu. Haka zane ɗari huɗu suka salwanta, ana ta tafi a ɗakin taro.

Ran Talata lif ya tsaya a wani bene mai hawa tara. Aka nemi zane, babu. Manaja ya kira ta, ya turo mata takarda.

"Anti, ki sa hannu kawai cewa sakacinki ne. An ba ki fom na fayilolin da ba za a share ba, ba ki sa su ba."

"Fom ɗin cewa ya yi in rubuta waɗanda nake buɗewa. Ƙarya kake so in yi?"

"In ba ki sa ba, yau ne ƙarshen aikinki."

Ta ajiye masa makullin ɗakin, ta ɗauki jakarta.

Tana bakin titi babban makanike ya kira ta a waya. "Anti, har yanzu ina cikin ramin lif ɗin. Akwai dattijo a hawa na tara, a keken guragu yake, yau zai ga likita."

Ta buɗe baki za ta ce ya kira manaja. Sai ta zauna a kan dakali, ta rufe ido, zanen lif ɗin ya dawo mata a ka.

"Buɗe akwatin hagu. Jar waya ta uku daga sama, ka gan ta?"