Makunni na Biyu

Shekara talatin da huɗu ina gyaran kayan sauti, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba, na tsani mai yawan tambaya. Kawo kayanka, ajiye, dawo jibi. In da ka iya, me ya kawo ka wurina? To, ana nan sai Allah ya haɗa ni da autar Mai Jita.

Mai Jita tsoho ne a layinmu, kuma tun ina da baƙin gashi nake gyara masa amfilifayarsa. Irin ta da ce, mai kwalabe, wadda in ka leƙa ta baya za ka ga kwalabe shida a jere suna ja kamar garwashi. Kashi biyu ce: akwai kai, inda kwalaben suke, akwai kuma akwatin sifika da ake ɗora kan a bisansa. Wata takwas da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Hannun dama ya tafi, magana ta tafi, sai wani gurnani da ba mai gane masa. Tun daga ranar aka lulluɓe amfilifayar da zanen gado, ba wanda ya sake taɓa ta.

Wata Talata da hantsi ina tsaka da narka dalma, sai ga mace ta shigo tana nishi, ta rungumo kan amfilifayar a naɗe cikin tawul. Autar ce. Aikin jinya take yi a wani gari mai nisa, ta samu hutun wata guda ta zo gida.

Ta ce, "Kawu, sannu da aiki. Baba ba ya kallon talabijin, mu ma ba ya kallonmu. Kusurwar da wannan abin yake kawai yake zuba wa ido. Ina so ya sake jin muryarta kafin hutuna ya ƙare."

Na kwance murfin, na hure ƙura, na nuna mata wani baƙin ƙarfe mai nauyi a gefen kwalaben.

Na ce, "Kin ga wannan taransifomar? Duk abin da ke cikin nan ina da madadinsa, ban da ita. Wani tsoho ne ya naɗa wayarta da hannu, ya kuwa daɗe da rasuwa. In ta ƙone zan sa wata, ƙara zai fito, amma muryar da babanki ya sani ta tafi ke nan har abada."

Na ɗauka za ta ce to, ta tafi. Ina! Sai ta jawo bencina ta zauna, ta zaro ɗan littafi daga jaka.

"Kawu, me ke ƙona ta?"

Na ce a gajarce, "Kunna ta ba sifika."

"Me ya sa?"

"Haka take."

"Haka take saboda me?"

Na aje ƙarfen dalma na kalle ta. Ko gezau. Biro a hannu, ido a kaina, sai ka ce aiko ta aka yi. Dole na yi bayani. Na ce kwalaben nan suna turo ƙarfi, taransifoma tana miƙa wa sifika. In babu mai karɓa a can, ƙarfin ba shi da wurin zuwa, sai ya juyo ya cinye wayar da ke ciki. Kamar ki toshe bakin tiyo ne famfo yana gudu. Ta rubuta, ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

Kwana biyar tana zuwa, kwana biyar ban huta ba. Tela maƙwabcina har suna ya sa mata, da ya hango ta sai ya ɗaga murya, "Mai gyara, shirya, ga Me-ya-sa nan tafe!" Ita kuwa sai ta yi dariya ta gaishe shi, ta shigo ta ɗora daga inda ta tsaya jiya.

Me ya sa makunni biyu ne, ba ɗaya ba? Na ce na farko ɗumama kwalabe yake yi, sai an jira minti guda sannan a taɓa na biyu, wanda ke sakin babbar wuta. Me ya sa nake cusa hannuna ɗaya a aljihu in zan taɓa ciki? Na ce saboda abin nan yana ajiye wuta ko an zare shi daga soket, in ta shiga ta hannu ɗaya ta fita ta ɗayan, ta ƙirji za ta bi. Nan ta daina rubutu ta ce, "Ta zuciya ke nan." Na ce ke kika san wannan. Me ya sa ba a ɗaukar ta da zarar an kashe? Na ce kwalba mai zafi ba ta son jijjiga, a bar ta ta huce.

A rana ta huɗu ta tambaye ni me ya sa sautin ya fi daɗi bayan ta yi rabin awa a kunne. Na yi ta laluben wata ƙarya mai kama da ilimi, ban samu ba. Na ce, "Ban sani ba." Wallahi rabon da wannan magana ta fita daga bakina a shagon nan har na manta. Ita ko a jikinta, ta rubuta tambayar ta bar fili a ƙasa, ta ce wataƙila Baba ya sani. Na yi dariya a raina, na ce mutumin da ba ya magana?

Na sauya kwalabe biyu, na wanke makunnai, na gwada kan da sifikar shagona. Muryar tana nan daram, mai kauri, mai ɗumi.

Ranar Asabar bayan azahar na ɗauka na kai gidan da kaina. Mai Jita yana zaune a kujera kusa da gado, an jingina masa filo, hannun dama a ajiye bisa cinya. Babban yayan autar yana tsaye a kansa da kofin shayi da cokali. Shi yayan hayar kayan sauti na zamani yake bayarwa a wuraren taro, don haka a ganinsa ba abin da za a gaya masa.

Yana ɗura wa tsohon shayi yana ce mini, "Kawu, ni na san abin da Baba yake so tun kafin ya motsa. Kullum sai na haɗa masa wannan, sukari cokali huɗu."

Na gaida tsohon sama-sama, kamar yadda na saba tun da ya kwanta, na wuce kusurwa. Akwatin sifikar yana nan inda yake, ba a taɓa matsar da shi ba. Na ɗora kan a bisa, na soka waya a bayan kan, na soka ɗaya bakin a bayan akwatin. Yayan ya rataya jita, don ya ɗan iya kaɗawa, ya murɗa sauti sama yana cewa bari Baba ya ji ta sosai.

Na danna makunni na farko. Kwalabe suka fara ja.

Sai tsohon ya fara gurnani. Da farko a hankali, sannan da ƙarfi, yana buga hannun hagu a kan kujera. Kusurwar ba ta da nisa da shi, ina miƙa hannu ga makunni na biyu sai caraf ya damƙe tsintsiyar hannuna. Ashe akwai sauran ƙarfi a hannun nan.

Yayan ya ce, "Ka gani ko? Zumuɗi ne. Kunna kawai, Kawu, da ya ji sautin zai kwantar da hankali."

Mamansu daga bakin ƙofa ta ce, "A'a, ku kashe. Tuna masa baya kuke yi, ba ya so."

Ni kuma raina ya ɗan ɓaci. Kwana biyar ina aiki, na duba komai, waya tana ciki, wa zai koya mini? Na zame hannuna daga nasa, na ɗora yatsa a kan makunnin.

"Kawu, don Allah dakata."

Autar ce. Ba ta ɗaga murya ba, amma yatsana ya tsaya. Ta zo ta durƙusa gaban mahaifinta, ta sa hannunta a cikin hannunsa na hagu.

Ta ce, "Baba, zan tambaye ka. In e ne, matsa hannuna sau ɗaya. In a'a ne, sau biyu. Ka ji?"

Ya matsa sau ɗaya. Duk muka gani.

"Kana so a kunna ta?"

Sau ɗaya.

Yayan ya ce, "To, me na ce?"

Ba ta ko waiwaye shi ba. "Baba, a kunna yanzu?"

Sau biyu, da ƙarfi.

"Akwai abin da ba daidai ba?"

Sau ɗaya.

"Kan ne? Aikin da Kawu ya yi?"

Na zuba wa hannunsa ido. Ya matsa sau biyu, na sauke numfashi.

"Wayar ce?"

Sau biyu.

Ta juya ta kalli kusurwar, leɓenta yana motsi kamar tana karanta ɗan littafin nan da ka. Sannan ta ce, "Akwatin sifikar?"

Ya matsa sau ɗaya, bai kuma saki ba. Sai hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya.

Na kashe makunni na farko, na zare filogi. Na sa hannu na ɗan tura akwatin, sai ya tafi salalau kamar kwali. Na ɗauko sukuddireba na kwance bayan. Wayam! Babu sifika a ciki. Rami ne kawai, da wayoyi biyu suna lilo, ƙyallen gaba ya rufe komai.

Jama'a, saura ƙiris. Da na danna makunnin nan, yayan ya sauke hannu a kan tsirkiya da sautin da ya murɗa, da taransifomar ta tafi a gaban mai ita, yana kallo, ba bakin hanawa. Kuma ni zan yi, ni da na koya wa yarinyar nan dokar da bakina. Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige.

Autar ba ta tsaya kallon kunyata ba. "Baba, kai ka cire ta?" Sau ɗaya. "Tana cikin ɗakin nan?" Sau ɗaya. Ta bi idonsa, idon yana kan saman kwaba. Yayan ya taka kujera ya sauko da wani abu a naɗe cikin tsohuwar riga. Sifikar ce. Takardar fuskarta mai fitar da sauti ta ɗan yage a gefe, an liƙe da gam, liƙi mai kyau wanda ni kaina ba zan fi shi ba. Ashe kafin ciwon ya cire ta ya gyara, ya ɗora a can ta bushe. Wata takwas yana kallon kusurwar nan, shi kaɗai ya san akwatin fanko ne.

Na mayar da ita, na ɗaure kusoshi, na haɗa wayoyin. Da na gama ban miƙa hannu ga makunni ba. Na juyo da akwatin yadda zai ga ciki, na durƙusa da waɗannan gwiwoyin nawa masu ƙara, na sa hannuna a nasa.

Na ce, "Maigida, ya yi?"

Ya daɗe yana duba aikina, har na fara gumi. Sannan ya matsa sau ɗaya.

Autar ce ta danna na farko. Muka jira, kwalabe suna ja a hankali. Ta ce, "Baba, yanzu?" Ya ɗaga yatsu biyu, a ƙara jira. Can ya ɗaga yatsa ɗaya. Ta danna na biyu, sai ga ɗan gunjin nan mai taushi ya cika ɗakin.

Ta karɓi jitar daga wuyan yayanta, ta rage sautin, ta kwantar da ita a cinyar tsohon. Hannunsa na hagu ya lallaɓa ya hau wuyan jitar, yatsun suka nemi wurinsu suka danne. Ita kuma ta zauna a damansa, ta zama hannun da ya rasa, ta shafi tsirkiyoyin daga sama zuwa ƙasa.

Allah sarki. Muryar nan ce, ita ɗin dai. Mamansu ta toshe baki da gefen mayafi. Ni ban san lokacin da na cire tabarau ba. Na ga ƙwararru iri-iri a sana'ar nan, amma ban taɓa ganin wanda ya burge ni kamar yarinyar da ko sunan kwalba ɗaya ba ta sani ba ranar Talata. Mu duka mun san amsa, ita kaɗai ta yi tambaya, kuma ta yi wa wanda duk muka daina tambaya.

Sun yi kamar minti goma, shi yana dannawa, ita tana kaɗawa, in ta yi sauri ya harare ta. Da ya gaji ya jingina, sai na ga yayan ya matso sumui-sumui. Babban mutum da gemu, ya durƙusa, ya sa hannunsa a hannun uban.

Ya ce, "Baba, shayin nan da nake haɗa maka kullum, kana son shi kuwa?"

Tsohon ya kalle shi. Ya matsa sau ɗaya, yayan ya fara murmushi, sai ya ƙara na biyu.

Autar ce ta fara fashewa da dariya, sai mamansu, sai ni. Ɓarin fuskar tsohon mai motsi shi ma ya ɗaga. Yayan kuwa yana dariyar yana share ido da bayan hannu, yana cewa wata takwas, Baba, wata takwas. Bai tashi daga durƙuson ba. Ya gyara riƙon hannun ya ce, "To, sukarin ne ya yi yawa?"